Likita Yisa, Mun Cika Alkawarin Muttaka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 14 ga Agusta, 2025, Mai kowa ya aiko aka ɗauki ɗaya daga cikinmu. Dokta Yisa Ndagi, likitan tiyata, ya idar da sallar la'asar a masallacin ƙofar gidansa da ke Sauka Kahuta a nan Minna, ya miƙe zai sa takalmi, sai ya dafe ƙirji ya koma ya zauna. Kafin a juyo da mota a kawo shi asibitin da ya yi wa aiki shekara goma sha tara, rai ya yi halinsa. Yana da shekara hamsin da takwas. An kai shi makwancinsa washegari Juma'a da hantsi, ana yayyafi.

Sunana Talatu. Ni ce babbar sista ta ɗakin tiyata a asibitin, kuma shekara goma sha shida na yi ina tsaye a damansa ina miƙa masa almakashi da zare. Mutane sun yi ta tambayata me ya sa ban ce komai ba har aka yi addu'ar arba'in, ni da kowa ya san bakina ba ya zama wuri ɗaya. Da gangan na yi shiru. Akwai wani bawan Allah mai suna Muttaka da Likita ya yi wa alkawari ya tafi bai cika ba, kuma na rantse ba zan ɗauki biro ba sai ina da abin da zan gaya masa a kan wannan mutum. Yanzu ina da shi. Saboda haka, Likita, da kai nake magana, sauran jama'a su saurara daga gefe.

Kwana biyu da binne ka, na ji da kunnena a barandar asibiti wani ma'aikaci yana ce wa ɗan'uwansa, "Allah ya ji ƙan ɗan mai faci. Yanzu dai an huta da wasan ruwa a tiyata." Suka yi 'yar dariya. Ban tanka ba, ka san kuwa wannan ba ƙaramin jihadi ba ne a wurina. Ina fata mai maganar zai karanta wannan takarda har ƙarshe.

Ɗan mai faci. Sunan da suka laƙa maka ke nan, suna zaton zagi ne. Ba su san kai da bakinka kake ba mu labarin Baba Ndagi ba, yadda ya baro Bida yana saurayi ya kafa rumfa a bakin titi, da famfon hannu, da gwangwanin gam, da rabin duro cike da baƙin ruwa. Ka ce kana ɗan makaranta, in ka liƙe tiyub ɗin taya ka ce ka gama, sai ya daka maka tsawa da Hausarsa ta Banufe: "Yisa, wa ya ce ya gama? Hura shi, sa shi ruwa tukuna!" In kumfa ta taso, aiki ya koma baya, ko da mai mashin yana tsaye yana zage-zage. Duk lokacin da ka kwaikwayi muryar tsohon sai ka yi dariya har gilashinka ya zame, ni kuwa in harare ka don muna tsakiyar aiki.

Ga wanda bai san aikinmu ba, bari in yi masa bayani a taƙaice. In aka yanke ɓangaren hanji da ya lalace, sai a haɗa bakin nan da bakin can a ɗinke. Wannan mahaɗa ita ce abin tsoro. Mutum zai farfaɗo, ya yi hira, danginsa su fara shirin komawa gida, sai a kwana na biyar ko na shida mahaɗar ta buɗe ɗan kaɗan, ƙazanta ta riƙa yoyo cikin ciki. Zazzaɓi ya rufe shi, ciki ya kumbura ya yi tauri. Wasu a cece su da ƙyar, wasu a rasa su.

Haka muka rasa Malama Kyauta, malamar firamare daga Wushishi, a shekarar 2012. Ɗinkinka ne, kuma ɗinki ne mai kyau, na gani da idona. A kwana na shida ya yi yoyo. Da aka fita da gawarta ka shiga ofis ka rufe ƙofa, ba ka ce ba ƙaddara ba ce, ba ka kuma ɓoye a bayan ƙaddara ba. Mako guda bayan haka ka ce min, "Sista, daga yau ba na rufe cikin kowa sai na gwada mahaɗa."

Gwajin ba kai ka ƙirƙiro shi ba, kuma ba ka taɓa cewa kai ne ba. Yana cikin littattafan likitoci, a wurinmu ne dai ba a yi, ana ganin ɓata lokaci ne. Sai ka cika ƙasan ciki da ruwan gishiri mai ɗumi har ya rufe mahaɗar, ka matse hanjin daga sama da yatsu, a huro iska daga ƙasa da sirinji. Kowa ya zuba wa ruwan ido. Ranar farko da na gani, wallahi ni ce na fara cewa, "Likita, yau kuma faci muka koma?" Ni na fara faɗin kalmar, daga bakina ta fita ta zaga asibiti. Na daɗe ina son neman gafararka a kan wannan, girman kai ya hana ni, ga shi sai a takarda.

Bayan shekaru kuma ka zo da gam. Ka je wani taron likitoci ka dawo da labarinsa, ka yi ta fama har ka samo hanyar da za a riƙa kawo maka shi daga Abuja a cikin kula da ƙanƙara. Ruwa iri biyu ne a sirinji mai baki biyu, an yi su daga abin da yake sa jinin mutum ya daskare. In suka haɗu a kan ɗinki sai su kama, su yi fari-fari kamar farin ƙwai da ya fara jin wuta, su lulluɓe mahaɗar. Bayan 'yan makonni jiki ya shanye shi, lokacin nama ya riga ya kama ɗan'uwansa. In ka shafa, sai ka ɗaga hannuwa sama ka ce kada wanda ya taɓa komai sai an yi minti uku. A cikin mintuna ukun nan ne kaɗai kake hira a tiyata. A nan ka san sunayen jikokina, a nan kuma ka yi ta tsokanata cewa miyar kukata ba ta kama ƙafar miyar wake ta Nufawa ba, maganar da har yau ban yarda da ita ba.

Masu cewa ka ɗauki gam tamkar laya ƙarya suke maka, kuma zan faɗa a gaban kowa. Sau nawa na ji ka kana gaya wa likitocin da ke koyo a hannunka cewa masana ba su gama yarda da shi ba, wasu sun ga amfaninsa, wasu sun ce ba su ga bambanci ba? Cewa kake yi, in bakin hanji ba ya samun jini sosai, ko an ja shi da ƙarfi kafin ya haɗu, ko hannun mai ɗinki ya yi ganganci, to ko bokiti guda na gam aka juye ba zai hana yoyo ba. Ɗinki ne farko, gwaji na biyu, gam ya zo daga ƙarshe ya rufe 'yan ƙananan ramukan allura da ido ba ya gani. Ka taɓa ce min, "Sista, in ya ceci mutum ɗaya cikin hamsin, wannan ɗayan yana da suna, yana da 'ya'ya."

To, ga Muttaka.

Masunci ne a madatsar ruwa ta Tagwai, mutum mai shekara arba'in da 'yan kai, kuma shi ne ladanin ƙaramin masallacin da ke bakin ruwa. A ƙarshen bara hanjinsa ya murɗe, aka yi masa aiki a wani asibiti da ba zan ambaci sunansa ba, mahaɗa ta yi yoyo, aka kawo mana shi ciki kamar ganga, ba ya gane kowa. Ka buɗe, ka wanke, ka ga ba halin sake haɗawa a cikin wannan ruɓa. Sai ka fito da bakin hanjin ta gefen cikinsa na hagu, aka manna masa jakar roba, bayan gida ya riƙa zuba a ciki. Ya rayu.

Amma rayuwar ta yi masa nauyi. Jakar ba ta neman izini. Tana ƙara lokacin da ta ga dama, wani lokaci ta yi wari, in zufa ta jiƙa ta sai ta saki. Ya daina shiga kwalekwale. Abin da ya fi ci masa rai shi ne sallah. Malamai sun gaya masa shi mai uzuri ne, sallarsa ta yi, ya shiga sahu abinsa. Kai ma ka gaya masa. Ya ƙi. Wata rana jakar ta yi ƙara ana cikin sujada, wani ya yi tsaki, tun daga ranar ya bar wa wani kiran sallah, ya koma shimfiɗa buhu a gindin mangwaron da ke bayan masallaci yana bin liman daga waje. Wata takwas yana haka. Duk zuwan da zai yi asibiti, tambayarsa ɗaya ce: "Likita, yaushe zan shiga sahu?"

Ka jira har ya yi ƙiba, jininsa ya dawo, cikinsa ya huce. Sannan ka buɗe littafin aiki a gabana ka rubuta: Talata, 19 ga Agusta, mayar da hanjin Muttaka. Ka ce masa, "Malam, in Allah ya so, Maulidin bana a cikin masallaci za ka yi shi." Ya kama hannunka da hannu biyu ya riƙe. Saura kwana biyar ka tafi.

Ya zo jana'izarka. An gaya min a can bayan jama'a ya tsaya shi kaɗai, da ɗan mayafi ya rufe gefen cikinsa.

Ranar Litinin shugaban asibitinmu, Dokta Ayuba, ya kira ni ofis tare da Dokta Nana Khadija, likitar tiyatar da ta yi shekara bakwai tana aiki kafaɗa da kafaɗa da kai. Ba mugun mutum ba ne Dokta Ayuba, ka sani, abokinka ne tun kuna ɗalibai, amma bai taɓa yarda da hanyarka ba. Ya ce cikin da aka buɗe sau biyu ba abin wasa ba ne, a rubuta wa Muttaka takarda ya tafi babban asibiti a wani gari ya shiga layi. Ya ce gwajin ruwa da gam ra'ayin marigayi ne, Allah ya ji ƙansa, amma asibiti ba zai ci gaba da tafiya a kan ra'ayin mutum ɗaya ba.

Na san layin da yake magana a kai. Na san masunci mai jaka a ciki ba zai iya zaryar wata shida a mota ba, zai koma gindin mangwaro ne ya zauna har ƙarshen ransa. Dokta Nana Khadija ta ce a natse, "Ranka ya daɗe, irin wannan aikin na yi shi da hannuna sau goma sha ɗaya, marigayi yana tsaye bai taɓa wuƙa ba. Zan iya." Ni kuwa ban iya natsuwa ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, saura min wata goma sha huɗu in yi ritaya. In an ga dama a sallame ni yau. Amma sunan da Likita ya rubuta a littafin nan ba hannuna ne zai goge shi ba." Ya dube ni ya ce, "Hajiya Talatu, ko na yarda, gam ɗin ma babu. Na sa an duba firjin tiyata, babu ko ɗaya." Gaskiya ya faɗa, ni ma na duba. Na juya na fito.

Da yammacin ranar na je gidanka gaishe da matarka, Hajiya Rukayat. Na same ta a ɗakin takaba, zaune a kan tabarma da carbi, ta rame. Muka yi kuka muka share. Ban yi niyyar ɗora mata damuwar asibiti ba, amma ta tambaye ni, "Yaya Talatu, ya mai kifin nan? Baban Zakariyya bai da magana sai tasa." Na gaya mata. Ta miƙe ta ja ni zuwa kicin, ta buɗe firizarta mai aiki da hasken rana, wadda take daskarar da kunun aya na sayarwa. Ta kawar da robobin kunu gefe, ta zaro wani farin kwali a cikin leda biyu. Ashe tun da ɗaukewar wutar lantarki ta lalata maka gam guda biyu a firjin asibiti ka daina yarda da shi, ka mayar da ajiyarka gida ba ka gaya wa kowa ba. A jikin kwalin, da wannan rubutun naka mai kama da tafiyar kaza, an rubuta: MUTTAKA, TAGWAI.

Ta ce, "Ni ba ni da halin fita sai na gama idda. Ki kai masa. Ki ce wa Dokta Ayuba, matar abokinsa ce ta aiko."

Washegari na sa kwalin a kula, na ajiye a kan teburin Dokta Ayuba na buɗe. Ya daɗe yana kallon rubutun. Ya cire gilashi ya goge, ya mayar. Sannan ya ja takarda ya sa hannu, ya ce amma da sharaɗi, shi ma zai shiga ya tsaya.

Talata, 2 ga Satumba, ƙarfe takwas da rabi na safe muka fara. Cikin ya manne da juna, Dokta Nana Khadija ta yi awa biyu tana rabawa a hankali kafin ta kai ga bakin hanjin. Ta haɗa, ta ɗinke. Likita, da ka ga ɗinkin nan da ka yi alfahari, layi ɗaya ƙal, babu inda ya karkace. Dokta Ayuba ya leƙa ya ce, "Ma sha Allah. Wannan ai ba ya bukatar komai, a rufe." Ta ce, "Sista, ruwa." Na riga na ɗumama shi tun kafin ta tambaya. Muka cika, ta matse, aka hura.

Da farko ruwan bai motsa ba. Sai ga ƙwayar kumfa ɗaya ta taso daga bayan mahaɗar, ta wajen da ido ba ya kaiwa. Sai ta biyu. Sai suka jero.

Wannan ɗan ramin, da an rufe a kansa, shi ne kwana na shida na Malama Kyauta. Dokta Nana Khadija ta juya hanjin, ta gano wurin, ta ƙara ɗinki biyu. Tana ɗagowa, kafin ta buɗe baki, sai na ji muryar Dokta Ayuba a bayana, a dushe: "A sake hurawa." Aka sake. Ruwan ya kwanta lumui, ko motsi babu. Muka tsotse shi, ta tsane wurin da auduga, na miƙa mata sirinjin da na narkar, ta zagaye mahaɗar da gam ɗinka. Ta ɗaga hannuwa sama. Mintuna ukun nan ba wanda ya yi hira. Ni dai hawaye ne suka jiƙa min takunkumi, ga hannuna a cikin safa, ba halin sharewa.

Ban ce gam ne ya ceci Muttaka ba, don kada ka tashi ka yi min gyara. Allah ne ya cece shi, ta hannun mace mai ɗinki, da ruwan da ya tona ramin, da abin da ka ajiye a cikin kunun Hajiya. Wanne ya fi wanne, ban sani ba. Abin da na sani shi ne wasan ruwan da aka ce an huta da shi, ranar nan shugaban asibiti da kansa ya ce a maimaita.

Ka tuna tambayarka ta kowace safiya a ɗakin marasa lafiya, wadda take sa dattawa su sunkuyar da kai, mata su ja mayafi? "Baba, iska ta fita?" Ba ka jin kunyarta, don ita ce shaidar hanji ya farka ya kama aiki. Ni na karɓe ta yanzu. A kwana na uku da hantsi na tambayi Muttaka, ya rufe fuska da tafin hannu yana dariya, ya ce, "Hajiya, ta fita. Ta hanyarta ta fita." Kwana na biyar ya wuce, na shida ya wuce, ina auna zafin jikinsa kamar mai gadin tukunya. A na tara muka sallame shi. Maulidin da ka yi masa alkawari a gadon asibiti ya same shi, wannan kam mun makara, ka yafe mana.

Ranar addu'ar arba'in ɗinka aka kafa rumfa a ƙofar gida, mutanen Bida suka zo mota-mota, masu faci na bakin titi suka rufe rumfunansu suka zo da baƙin mai a farce. Ina daga cikin zaure ina miƙa kwanukan abinci aka kira la'asar. Maza suka miƙe suna daidaita sahu a kan tabarmi. Sai na hango Muttaka. Ya ɗauki takalmansa ya nufi can baya wajen katanga, yadda ƙafarsa ta saba. Ya yi taku uku ya tsaya. Ya kai hannu ya shafa gefen cikinsa na hagu, ya ji riga ce kawai a kan fata. Ya ajiye takalman. Ya ratsa sahu na huɗu, ya ratsa na uku da na biyu, yana cewa a gafarce shi, har ya tsaya a sahun farko, kafaɗarsa tana gogar ta ɗanka Zakariyya. Da liman ya waiwaya yana neman mai tayar da iƙama, muryar da ta yi wata tara ba a ji ta ba ita ce ta tashi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Rukayat, wadda ta cika alkawarin mijinta daga cikin ɗakin takaba, da 'ya'yansa Zakariyya da Amir da Aishat, da dangi na Minna da na Bida, da Dokta Ayuba wanda ya rasa aboki, da duk mai ɗauke da ɗinkin wannan bawan Allah a cikinsa yana yawo lafiya. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa.

Ya Allah, ga bawanka Yisa ɗan Ndagi mai faci ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Yadda ya ƙi rufe cikin bayinka a kan ɓaraka, ka rufe masa tasa ɓarakar ranar da asirai za su tonu. Ka haɗa shi da mahaifinsa a Aljannar Firdausi, ka sa duk sallar da Muttaka zai yi a cikin sahu ya sami rabonsa a ciki. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.

Likita, ranar Talata akwai aiki ƙarfe takwas. Zan ɗumama ruwan.